Alamar Haruna Mai-Gora a Kan Dutsen Rema

Haruna Mai-Gora yana da shekara sittin da tara, kuma shi ne mafi tsufa cikin matuƙan jirgin ruwa da ke ɗaukar kaya da mutane daga Yelwa zuwa ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji ta ɓangaren Ngaski. Tun watan Mayun bana bai sake tuƙi ba. Ƙungiyar masu jirage ta hana shi riƙe inji, ta ce idonsa ya tafi. Shi kuwa ya ce idonsa ƙalau yake, dutse ne ya ɓace.

A bakin ruwa da wuya ka sami mai cewa yana ƙaunarsa. Ba ya jiran wanda ya makara, ba ya amsa gaisuwa idan yana ɗaurin igiya, kuma ya taɓa sauke wani falke a kan yashi a tsakiyar ruwa don ya ƙi zama inda aka nuna masa. Duk da haka mata masu albasa jirginsa suke jira, ko da akwai uku a gabansa da ke neman fasinja. Dalilinsu ɗaya ne. Shekara arba'in da biyu yana tuƙi, jirginsa bai taɓa hawa kututture ba.

Kututture shi ne abin tsoro a wannan tafki. Da aka rufe madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau tsibirai da gonaki da dazuka, itatuwa suka mutu a tsaye a ƙarƙashinsa. Suna nan har yau. Idan tafki ya cika, jirgi kan wuce ta kansu lafiya. Idan ya ja baya da bazara, kawunansu kan tsaya kamu ɗaya ko biyu a ƙasan ruwa, ba a ganinsu, sai dai a ji katako ya tsage. Hanya mai lafiya ita ce inda kogi ke bi tun asali, domin can itace bai taɓa tsirowa ba. Amma a saman ruwa babu abin da ke nuna ta.

An haifi Haruna a ɗaya daga cikin tsibiran da suka nutse. Mahaifinsa masunci ne da ya san kogin tun bai zama tafki ba. A watannin da ruwa ke hawa, tsohon ya riƙa fita kullum a kwale-kwale, ya tsaya a kan tsohuwar hanya yana duban tudu, yana neman abin da ruwa ba zai kai ba. A wani matsattsen wuri da matuƙa ke kira Maƙoshi, ya sami abin da yake nema a kan Dutsen Rema, wani dogon dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da ke gabas da ruwa. A bakinsa akwai wani curi mai kama da mace ɗauke da tulu. Can bayansa akwai wani abu baƙi, siriri, a tsaye. Ya sa wa na farko suna Mai-Tulu, na biyu Turke. Idan Turke ya ɓuya a bayan Mai-Tulu, jirgi yana kan hanya. Idan ya leƙo ta dama ko ta hagu, an kauce, sai a gyara.

Wannan ne gadon da Haruna ya ci, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Sauran matuƙa idan sun zo Maƙoshi rage gudu suke yi, su tsayar da mutum a goshin jirgi yana taɓa ƙasa da gora. Shi ma da aikin gorar ya fara, a nan ya samo sunansa. Amma tun da ya kama inji, da gudu yake ratsa Maƙoshi. Idan ya lura wani jirgi yana bin sawunsa, sai ya kashe inji, ya zauna ya ɓare goro yana ci har wancan ya gaji ya wuce.

Ranar Laraba ta biyu a watan Mayu, da hantsi, ya shigo Maƙoshi da buhunan albasa, da babura biyu, da mata goma sha ɗaya. Ya ɗaga kai ya dubi dutse. Ya ga Mai-Tulu ita kaɗai, babu abin da ya leƙo ta ko'ina. Ya ƙara wa inji wuta. Ba a yi nisa ba jirgi ya hau kututture, katako biyu suka tsage, ruwa ya fara shiga. Masunta da ke kusa suka kwashe mutane, babu wanda ya mutu, amma wata mata ta karye a hannu. Kwana uku albasa tana yawo a kan ruwa.

Ƙungiya ta zauna a rumfarta ta bakin ruwa. Shugabanta, Shamsuddeen, mutum ne ɗan shekara arba'in da ya taɓa riƙe wa Haruna gora, har ranar da ya tambaye shi abin da yake duba a kan tudu, Haruna ya kore shi a gaban fasinja.

"Baba Haruna," in ji Shamsuddeen, "ba mu taru don mu ci mutuncinka ba. Kowa ya ga yadda kake kai kofin shayi kusa da hanci kafin ka sha. Ka tafi asibiti a duba idon."

"Idon ubanka za a duba."

Shamsuddeen ya gyara zama.

"Ubana ya riga mu gidan gaskiya, kuma bai nutsar da kowa ba. Mi ya kai ka kan kututture?"

"Alamata aka ɗauke."

"Wace alama?"

Haruna ya ƙi faɗa. Wani daga baya ya ce, "Aljanu sun sace ta ke nan," aka yi dariya. A ranar aka yanke cewa ba zai sake riƙe inji a tashar ba.

Ya kwana biyar bai fita ba. A na shida ya ce zai hau Dutsen Rema. Tun yana yaro yake kallon dutsen, amma bai taɓa taka shi ba, domin a wurinsa tudu na manoma ne da awaki. Lissafinsa ba shi da wuya: idan ya hau ya tarar da Turke a tsaye, to idonsa ne. Idan bai tarar ba, a ba shi injinsa. Babu wanda ya yarda ya raka shi sai ɗiyarsa Mansura, mai shekara arba'in da ɗaya, wadda ke bandar kifi a Yelwa. Ita ma sai da ta ce masa, "Baba, zan je ne don kada a ce ka faɗi a dutse ba kowa kusa. Ba don na yarda da kai ba."

Ɗan kabu-kabu ya kai su gindin dutsen da safe, ya ce daga nan sai ƙafa. Hanyar hawa ƴar siririya ce tsakanin manyan duwatsu, wani wuri sai an dafa da hannu. Haruna ya zauna sau huɗu, kowane zama yana zagin wanda ya fara tunanin zama a irin wannan wuri. Rana ta take tsaka kafin su fito sama.

Saman dutsen fili ne shimfiɗaɗɗe, ya fi filin kasuwar Yelwa faɗi sau da yawa. Duwatsu ne a warwatse kamar an ajiye su da gangan. Akwai wani ƙato mai girman ɗaki da ke zaune a kan wani ƙarami wanda bai fi turmi ba. Akwai wasu uku da suka jingina da juna suka bar kogo a ƙasa, remaye na shiga da fita. A kan falalen dutse akwai ramuka masu santsi a jere, fiye da talatin, inda matan dā suka yi niƙa har dutse ya lotsa. Tsakanin ciyawa ga da'irar tushen ɗakuna, ga fasassun tukwane, ga tarin kashin maƙera baƙi ƙirin. Ragowar ganuwa ta dutse, wadda aka jera ba tare da laka ba, ta zagaye gefen gabas, wani wuri iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji. Kufai ne na gari guda.

Mansura ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ikon Allah. Ashe mutane sun yi zama a nan."

Haruna bai dubi ko ɗaya ba. Ya nufi bakin dutse ta yamma har ya iske Mai-Tulu. Daga kusa ba ta yi kama da mace ba ko kaɗan, curi biyu ne kawai, ɗaya bisa ɗaya, da kashin tsuntsaye a jiki. Ya ba ta baya, ya fara taku zuwa gabas. A taku na ɗari biyu da wani abu ya yi tuntuɓe. Ya durƙusa ya shafa da hannu. Tushen gini ne mai kusurwa huɗu, ƙasar cikinsa sabuwa, ciyawa ba ta gama rufe ta ba.

A nan ya gane abin da mahaifinsa ma bai sani ba. Turke ba halittar dutse ba ne. Ragowar ƙofar ganuwa ce, hannun mutum ya jera ta, kuma hannun mutum ya kwashe.

Bai yi nisa da neman mai hannun ba. Kusa da wurin akwai gidaje goma sha ɗaya na jinka, na manoma Kambari da suka baro ƙauyensu na ƙasa shekara uku da suka wuce saboda hare-haren ƴan bindiga, suka dawo kufan kakanninsu. A gaban gida na farko akwai garken awaki da aka kewaye da baƙaƙen duwatsu masu kyan sassaƙa. Wata dattijuwa mai suna Larai ta fito da ƙwaryar ruwa ta miƙa wa baƙi.

Haruna bai karɓa ba, bai yi sallama ba. Ya nuna garken da sandarsa.

"Ke, ina kika samo waɗanga duwatsu?"

Larai ta dube shi daga hula har takalmi, ta juya ta ba Mansura ƙwaryar.

"Ƴata, sha. Wannan da kika zo da shi, a ruwa aka haife shi ko? Na ga bai san ana gaida mutane ba."

"Ɓarauniyar dutse ake gaisarwa?"

Ihun da Larai ta yi ya fito da duk wanda ke gida. Ƙanenta Jacob, wanda shi ne babba a gidajen, ya taho daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya saurari ƴar'uwarsa, sannan ya saurari Haruna, wanda dole ta sa shi faɗin abin da ya ɓoye shekara arba'in da biyu, a gaban mata da awaki.

Jacob ya ajiye fartanya. "Dattijo, bari in ji da kyau. Ginin kakanninmu ne kake tuƙi da shi?"

"Tun kafin a haife ka."

"Ka taɓa hawowa ka gaya wa wani?"

"Wa zan gaya wa? Remaye?"

"Shekara uku muna nan. Hayaƙinmu ana ganinsa daga ruwa. Ginin nan ya karkata kan hanyar da mata ke bi zuwa ɗiban ruwa, damina biyu muna tsoron ya faɗo. Muka sauke shi da rani. Da ka aiko ko da ɗan saƙo ne, da mun tokare shi da itace."

"Kun kusa kashe mutum goma sha ɗaya."

"Kai ka kusa kashe su," in ji Larai. "Mu awaki muka killace."

Mansura ta ja hannun rigar ubanta. Ta raɗa masa cewa mutanen nan su kaɗai ne shaidarsa, ya sassauta. Ya fizge hannunsa. Ya ce wa Jacob gobe ya shirya ya bi shi Yelwa ya faɗa wa ƙungiya abin da suka yi. Ba roƙo ya yi ba, umarni ya bayar.

"Ba ni zuwa," in ji Jacob. "Dawata tana jiran noma. Wanda ya kira yayata ɓarauniya a ƙofar gidanta ba zan hau babur dominsa ba. In kana son gininka, ga fili nan, ka tayar. Amma ba da duwatsun Larai ba, kuma ko tsakuwa ba mai ɗaga maka."

Suka sauko ba tare da sallama ba. Abin da suka zo da shi kawai shi ne hoton tushen ginin da Mansura ta ɗauka da wayarta.

A rumfar ƙungiya, Shamsuddeen ya karɓi wayar, ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Baba Haruna, wanga tarin duwatsu ko a bayan gidana akwai irinsa. Wa ya taɓa ganin Turken nan daga ruwa ban da kai?"

Babu kowa. Haruna ya dubi fuskokin da ke rumfar. Kusan rabinsu sun taɓa riƙe masa gora, kuma kowanne ya taɓa ganinsa yana ɗaga kai gabas, amma bai bar ko ɗaya ya san abin da yake kallo ba.

"Da ka koya muna," in ji Shamsuddeen, "da wani cikinmu ya lura tun da rani cewa ba ya nan. To ga magana ɗaya. Ka nuna muna alamar a kan ruwa, mu gan ta da idonmu, kai ma ka gan ta da naka. Ranar nan zan miƙa maka inji da hannuna."

A farkon watan Yuni Haruna ya koma Dutsen Rema da tabarma, da buhun gari, da tukunya. Ya sauka a kogon duwatsu ukun nan. Kullum da safe yakan bi kufai yana tsintar duwatsun ganuwa da suka zube, ya ɗauko ɗaya ɗaya a kafaɗa, ya jera a kan tsohon tushe. Bai taɓa gini ba. Sau biyu abin ya kai ƙugu ya rushe. Mutanen Jacob sukan wuce shi zuwa gona, ba su ce masa sannu ba, shi ma bai ce ba. Larai ta bi duwatsun garkenta ɗaya bayan ɗaya ta shafa wa kowanne baƙin tukunya, ta kuma faɗa da ƙarfi yadda zai ji cewa duk wanda ta gani a gininsa za ta zare shi ko da daga ƙasa ne.

A mako na uku aka kusa dambe. Haruna ya kwaso duwatsu huɗu daga wani wuri a gefen kuka. Jacob ya biyo shi da gudu.

"Dattijo, kabarin kakana ka tone!"

"Ba wani kabari. Tarin dutse ne."

"An jera su reras, an kafa dogo a kai, ga tukunya a kife a gefe. Ba ka gani ba?"

Haruna ya sunkuya. Ya mayar da duwatsun da kansa, Jacob na tsaye yana nuna masa gurbin kowanne. Bai ba da haƙuri ba. Tun daga ranar, in zai ɗauki dutse sai ya durƙusa ya shafa kewayensa da hannu.

Mansura takan hau duk Asabar da gari da busasshen kifi. Ita ce ta lura wani ya kafa itace biyu ya tokare ginin ta gefen hanyar mata. Ta tambayi Larai.

"Don kada ya faɗo wa jikokina," in ji Larai. "Kada ubanki ya ɗauka sonsa ake yi."

A ƙarshen watan Yuli ginin ya wuce tsayin mutum biyu, sai da tsani na gora yake kaiwa samansa. Jacob da kansa, da yake wucewa, ya ce wa Mansura ginin ya kai tsayin tsohon Turke, har ya ɗan fi. Haruna ya dama farar ƙasa ya shafe fuskar da ke kallon ruwa. Tsohon Turke baƙi ne, wannan kuwa fari fat.

Bai kira ƙungiya ba tukuna. Ya ce zai fara gwadawa. Ranar Alhamis da ta wuce, da safe, bayan ruwan sama ya wanke sararin samaniya, ya ari ƙaramin kwale-kwale, Mansura ta riƙe filafili, suka shiga Maƙoshi a hankali. Ya sa ta kauce wa hanya da gangan zuwa hagu, inda dole Turke ya leƙo.

"Tsaya nan," ya ce. Ya ɗaga kai. Ya kare ido da tafin hannu. Ya daɗe.

Mansura ta riga ta gani. Ga Mai-Tulu a bakin dutse, ga wani farin abu a tsaye a gefenta, rana na dukansa, har da inuwarsa.

"Baba, ga shi can. Ta hagu."

"Ban tambaye ki ba."

"Fari tas. Ko daga can gaɓa ana ganinsa."

"Ƙara matsawa hagu."

Ta matsa. Ya goge ido da gefen rawani, ya sake dubawa. Kwale-kwale ya gogi kan wani kututture, ya yi ƴar girgiza.

"Baba," ta ce a hankali, "mu je asibitin nan. An yi wa maƙwabciyarmu Inna Hasiya aikin yanar ido bara, yanzu da kanta take zura zare a allura. Ko kuwa ka kira Shamsuddeen ka nuna musu. Su za su gani. Mutane za su riƙa ratsa Maƙoshi lafiya da gininka."

"In gina da bayana, Shamsuddeen ya yi tuƙi da shi?"

"To mi za a yi?"

"Bai kai tsawo ba," ya ce. "Mutanen dutsen nan ƙarya suka yi mini. Na dā ya fi haka nesa ba kusa ba. Juya mu koma."

Har yanzu bai je asibiti ba, bai kuma kira ƙungiya ba. Jirginsa yana kife a bakin ruwa a Yelwa, an sauya katakan biyu, an toshe tsagoginsa da sabon ƙaro, injin yana ɗakin Mansura a lulluɓe da buhu. Matuƙa biyu sun ce sun fara ganin wani farin abu a kan Dutsen Rema, amma ba su san na mene ne ba, kuma Mansura ta ce ba daga bakinta za a ji ba sai ya yarda.

Ranar Litinin da safe Haruna ya sake hawa dutsen da rabin buhun farar ƙasa. Ya wuce Larai a ƙofar garkenta, ba wanda ya ce wa wani uffan. Ya ɗaura wa tsaninsa ƙarin gora, ya hau, ya ɗora jeri biyu na dutse a kan Turke.